Yadda zaki haɗa man shafawa, sabulu da halawa a gida da kuɗi kaɗan

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, da ma maza, don yawancin abinda zan kawo anan ku ma zai muku amfani.

Kwanakin baya na shiga shago zan sayi loshan ɗin da na saba shafawa yarana, da aka faɗa min kuɗin sai da na sake tambaya ko dai ba shi ake nufi ba, na ajiye na fito. A hanya nake ta tuna kakata Allah Ya jiƙanta, ita duk rayuwarta ɗan ƙoƙo ɗaya gareta na man kaɗanya a ƙarƙashin gado, da shi take shafa, da shi take mulke mu bayan wanka, da shi take murza mana ƙirji in sanyi ya kama mu, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa ganin faso a ƙafarta ba. Tun daga nan na koma haɗa kayana da kaina, kuma abinda zan faɗa miki duk abinda hannuna ya yi ne, ba ji na yi ba.

Kafin komai ki riƙe abu ɗaya: ruwa ke lalata haɗi

Duk haɗin da mai ne zalla, kamar kaɗanya da man kwakwa, zai iya yin watanni lafiya lau. Amma da zarar ruwa ya shiga, ko ruwan alobera ne, ko madara, ko ruwan lemo, ko ɗanyen ganye, to kin buɗewa ƙwayoyin cuta da fumfuna ƙofa, cikin kwanaki kaɗan zai fara lalacewa ko da ido bai gani ba. Loshan ɗin kamfani yana daɗewa ne saboda akwai sinadarin hana lalacewa da suke aunawa su zuba, mu kuma a gida bamu da shi. Haɗina na farko haka ya tafi, na markaɗa alobera na zuba cikin man kaɗanya mai yawa, ranar farko ya yi kyau kamar na saida, bayan kamar kwana 10 na buɗe na tarar da ɗigo-ɗigon baƙi a gefen murfi ga wani tsami yana tashi, dole duka na zubar, raina ya ɓaci sosai don kuɗin cefane na rage na sayi man. Saboda haka ƙa'idata yanzu, mai ruwa a haɗa na yau a ƙarar yau, marar ruwa shi ake ajiyewa.

Kayan aiki ba sai kin sayi komai ba. Tukunya, kwanon silba da zai zauna a bakin tukunyar, cokali, maburgi ko abin kaɗa ƙwai, ƙyalle fari mai tsabta na tata, sai mazubi mai murfi, kwalbar bama da ta ƙare ma ta isa. Ki wanke su da ruwan zafi da sabulu ki kife su bushe ƙarau, kar ki ce ai ɗan danshi ne ba komai. Sannan duk sabon haɗi ki fara gwada shi a cikin damtsenki ko bayan kunne, ki bari kwana 1 zuwa 2, in ba ƙaiƙayi ba ja ba ƙuraje sai ki shafa a jiki.

Man shafawa na kaɗanya

Anan zan fi daɗewa don shi ne uwa uba, in kin iya shi kin huta da rabin kashe kuɗi.

Wajen saye ake fara cin riba ko faɗuwa. Allah Ya hore mana kaɗanya a ƙasar nan, jihohin Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna duk ana samunta, kuma kusan kowace babbar kasuwa akwai masu saida man, in a Kano kike ki leƙa Kurmi ko Rimi. Mai kyau launinsa fari ne mai ɗan duhu kamar madarar gwangwani ko ya ɗan yi rawaya kaɗan, yana da ɗan ƙanshin gyaɗa-gyaɗa da hayaƙi. Ki ɗan lakato ki murza a bayan hannunki, in na gaske ne zafin jikinki kaɗai zai narkar da shi ya shige, in kin ji yana miki kamar kitse ya ƙi bajewa, ko yana wani maƙaƙin wari irin na tsohon mai, ki bar musu kayansu. Wanda ya yi rawaya shar kuma sa masa launi aka yi, ba wai ya fi kyau bane.

Abinda zaki tanada:
man kaɗanya kofi 1 da rabi
mai mai ruwa rabin kofi, ko na kwakwa ko zaitun ko riɗi ko alayyadi, wanda aljihunki ya ɗauka
kwanfulawa ƙaramin cokali 2, in kina so
ƙwayar bitamin E guda 2 ko 3 daga kemis, shima ba dole ba
turare na mai ɗan kaɗan

Wato kashi 3 na kaɗanya kashi 1 na mai kenan. Da hunturu ina mayar da shi 2 da 1 saboda sanyi yana sa shi tauri ya yi wuyar lakata, musamman in man kwakwa ne a ciki don shi da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 24 yake daskarewa. Da bazara kuwa, watan Maris da Afrilu da zafi ke kaiwa 40, ki rage man ruwan sosai in ba haka ba zaki buɗe kwalba ki tarar da shi ya zama miya.

1. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya ki ɗora a wuta, in ya yi zafi ki rage wutar, ki ɗora kwanon a bakin tukunyar, tururin ne zai narkar da man. Dan Allah kar ki ɗora kaɗanya kai tsaye a wuta kamar zaki soya ƙosai, yana ƙonewa ya canza wari.

2. Ki yayyanka man ƙanana ki zuba a kwanon, kina juyawa har ya narke duka, ba sauran ko ƙulli ɗaya. Ki kula tururi ko ruwan tukunyar kar ya fallatsa ciki.

3. Ki sauke ki tace da ƙyallen nan. Zaki sha mamakin abinda zai rage a ƙyallen, ɓawo da ƙasa da ɗan baƙi-baƙi, don yawanci da hannu mata suke yinsa a ƙauye, ba aibu bane, tacewa kawai yake so.

4. Ki zuba man ruwan ki juya, in ya ɗan huce ki fasa bitamin E ki matse a ciki. Aikinsa rage saurin tsufan mai ne kawai, baya hana fumfuna, kar wata ta ce miki tunda kin sa shi zaki iya zuba ruwa.

5. Yanzu sanyayawa, kuma nan mutane da yawa ke kuskure. In kika bar narkakken kaɗanya ya huce a hankali a ɗaki zai daskare da tsaki-tsaki kamar an zuba masa gero. Yana son sanyi na gaggawa. Ki sa a firij kamar minti 30 zuwa 40, in ba wuta ki samu ƙanƙarar leda ki fasa a roba da ruwa ki ɗora kwanon a kai kina juyawa. Abinda kike nema shi ne gefe-gefen ya kama ya yi fari, tsakiya kuma da sauran laushi, in kin danna yatsa zai lotsa.

6. Sai bugu. Mai injin haɗa kek minti 5 zuwa 10 ya isheta, mai maburgi kuma ta gyara zama don zata kai minti 20, ni nakan ba manyan yara su karɓe ni. Zaki ga launin yana washewa yana komawa fari, yana kumbura, har in kin ɗaga maburgin ya tsaya da tsini bai zube ba. A nan zaki barbaɗa kwanfulawar ki ƙara bugawa, ita ke rage maiƙon nan da yake sa mutum ƙyalli kamar an tsamo shi a mai.

7. Turare daga ƙarshe, ɗigo kamar 20 zuwa 30 ya wadatar a wannan yawan, kuma na mai, banda na fesawa. In jariri zaki shafawa ki ɗebar masa nasa kafin ki sa turaren.

Ki kwashe a kwalba da busasshen cokali ki rufe, ki ajiye inda rana bata bugu. Yana kai wata 6 ba matsala, amma ni nafi son yin kaɗan na wata 2 in ya ƙare na sake. In zafi ya narkar miki da shi bai lalace ba, ki sake sanyayawa ki buga.

Yadda ake shafawa ma yana da muhimmanci. Shi mai baya ƙara wa fata ruwa, riƙe wanda yake ciki yake yi, shi yasa in kika bari kika bushe ƙayau sannan kika shafa sai kiga bayan awa ɗaya kin sake yin furu-furu. Kina fitowa wanka ki ɗan tsane jiki da tawul, da sauran danshi ki shafa. Mai yawan ƙurajen fuska kuma ta yi hankali da man kwakwa a fuska, yana toshe wa wasu ƙofofin fata, gara ta ɗan shafa kaɗanya zalla ɗan mitsitsi.

Wannan haɗin shi ne kuma maganin kaushi. Da daddare ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 15, ki goge da dutsen goge kaushi a hankali, ki tsane, ki laɓta man ki sa safa ki kwanta, sati ɗaya zaki ga canji. Banda reza. Mai ciwon suga ma ko dutsen ta bi a hankali, in akwai tsagewa mai zurfi asibiti za'a je.

Na leɓe kuwa minti 5 ne: kakin zuma cokali 1, kaɗanya cokali 1, man kwakwa ko zaitun cokali 2, ki narkar tare a kan tururi ki zuba a ƙananan robobi, da kansa zai daskare. Masu saida zuma suna da kakin, wasu ma zubarwa suke.

Sabulun salo

Shi sabulun salo da tokar ɓawon ayaba ko ɓawon koko ake yinsa da mai irin alayyadi ko kaɗanya, Yarbawa na ce masa ose dudu, a Ghana kuma alata samina. Na asali ba baƙi wuluk bane, ruwan ƙasa ne mai duhu da ɗan dabbare-dabbare, yana da laushi yana marmashewa a hannu. Yana wanke datti da maiƙo sosai, matsalarsa kawai ƙarfi, in kika yi amfani da shi yadda kika sayo zai iya busar da fata har ta riƙa raɗaɗi. To aikinmu a gida shi ne mu sassauta shi, ba mu ƙara masa zafi ba.

Ki samu sabulun ki marmasa kamar kofi 2, zuma babban cokali 2, narkakken kaɗanya babban cokali 1 zuwa 2, kurkum ƙaramin cokali 1. In kina so ki ƙara garin busasshen ganyen darbejiya ko garin majigi ƙaramin cokali 1, ki tankaɗe shi da kyau tukunna.

Ki zuba sabulun a turmi mai tsabta ki yayyafa masa ruwan da aka tafasa ya huce, kaɗan-kaɗan, kar duka ya wuce rabin kofi, ki rufe ki bashi kamar awa 2 ya jiƙa. Sai ki daka har ya haɗe ya yi laushi kamar tuwon da aka tuƙa da kyau, kina tsince duk wani tsakuwa ko gawayi da kika ji. Ki zuba zumar da kaɗanyar da garin, ki ci gaba da daka har launin ya zama ɗaya ko'ina. Ki cura ƙanana ko ki danna a roba mai faɗi, ki barshi a buɗe a inuwa kwana 2 ya sha iska ya kama jikinsa. Nasan zaki ce ai na hana ruwa, eh, shi sabulu yana da kaifin toka da yake sa ƙwayoyin cuta basa saurin zama a cikinsa, amma duk da haka kar ki haɗa na shekara, na wata 1 ko 2 ya isa, kuma ki riƙa gutsuro na 'yan kwanaki ki kai banɗaki, sauran ya zauna a busasshen wuri.

Wajen wanka kar ki goga curin a fuska kai tsaye, akwai ɓurɓushin toka da ke karce fata. Ki murza a tafin hannu ya yi kumfa, kumfar zaki shafa, ki wanke nan take. Masu cewa a shafa a barshi minti 30 ya bushe a fuska su ne suke jawo wa mutane saɓar fata. Fuska sau ɗaya a rana ya isa, mai busasshiyar fata ma ta riƙa tsallake kwana. Ki kiyaye ido, yana da zafi, kuma ba na jarirai bane.

Yanzu bari na faɗi abinda yake ci min rai. Da yawan sabulu da man da ake saidawa da sunan haɗin gida ko na amare, ana matse musu mayukan tib na kemis a ciki, irin masu sitiroyid kamar clobetasol da betamethasone, ko hydroquinone, wasu ma har da sinadarin makuri, wato zaiba. Sati 2 zaki ga kin yi haske kowa na tambayarki me kike shafawa, daga baya fatar ta yi siriri jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsage damtse da cinya, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, in kin ji ciwo ya ƙi warkewa, makuri kuwa har ƙoda yake taɓawa. Na ga wata 'yar uwa da kumatunta suka ƙone suka yi baƙi kamar an ɗora mata dutsen guga, shekara da shekaru tana fama, ko biki bata son zuwa, wallahi abin tausayi. A 2023 hukumar NAFDAC sai da ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Abinda ya fi ɗaga min hankali shi ne masu shafawa yara ƙanana. Don girman Allah in kin haɗa kayanki kar ki sa ko ɗigon tib, waɗannan magunguna ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci don wata cuta. Haɗin da na baki ba zai canza miki launi ba, zai sa fatarki ta yi laushi ta yi sheƙi a kalar da Allah Ya baki.

Lemon tsami ma a bi shi a hankali, in kika shafa ruwansa a fata kika shiga rana yana iya ƙona wajen ya bar tabo baƙi. Ni bana sa shi a komai sai halawa ta cire gashin jiki, ita kuma dafa shi ake yi.

Halawa

Halawa daga wajen Larabawa ta zo mana, Masar da Sudan, kuma a ganina har yau matan Maiduguri sun fi kowa hannu a kanta. Sukari ne kawai da lemo da ruwa amma tana son ido.

Sukari kofi 2, ruwan lemon tsami da aka tace kwatan kofi, ruwa kwatan kofi. Ki haɗa a tukunya mai kauri a ƙasa, ki ɗora a matsakaiciyar wuta kina juyawa har sukarin ya narke ya fara tafasa, sai ki rage wutar. Daga nan kar ki matsa ko'ina, kar ki ce bari na duba waya. Zaki ga kumfar fara ce da farko, sai ta koma kamar ruwan man gyaɗa, sai kalar zuma. Da ta kai kalar zuma ki ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi ki sa yatsa ki ɗauko, in ya narke ya bi ruwa da saura, in ya dunƙule ya yi laushi yana miƙewa kamar cingam to ta yi, ki sauke nan take. In ya yi tauri yana ƙaras kamar alawa ta wuce, ki ƙara ruwa cokali 1 ko 2 ki mayar a ƙaramar wuta ta saki. Tsakanin ta yi da ta ƙone bai fi minti 1 ba.

Ki ji tsoron narkakken sukari, ya fi tafasasshen ruwa zafi kuma manne wa fata yake, ki kori yara daga kicin kafin ki fara. Ki juye a faranti na silba ki barta ta huce sosai, minti 30 ko fiye, sai kin iya riƙeta a hannu ba zafi. Ki ɗan jiƙa yatsunki ki ɗebo kamar girman ƙwai, kina ja kina ninkewa kina ja kina ninkewa, har ta tashi daga kalar zuma garai-garai ta koma kamar ruwan gwal mai ɗan fari-fari, ta yi taushi.

Wajen da zaki yi ya zama a wanke a bushe, ba mai ba gumi, ki ɗan shafa hoda ko kwanfulawa. Gashin ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, in ya fi haka sosai ki rage da almakashi. Ki shimfiɗa halawar kina tura ta sama, wato ta saɓa wa inda gashin ya kwanta, ki danne fatar da ɗaya hannun, sai ki fizge da sauri ta inda gashin ya kwanta, hannunki na bin jikin fata ba ki ɗaga sama ba. Ki fara koyo a ƙwauri kafin ki je hammata. Kar ki maimaita wuri ɗaya fiye da sau 2 ko 3, kuma banda kan ciwo, ƙuraje, ko fatar da bilicin ya riga ya cinye, don zata iya ɗaye ta. Abinda ya manne ruwan ɗumi ke wanke shi. Ranar kar ki sa turare ko alif a wajen, washegari ki shafa kaɗanya. Sauran halawar ki naɗe a leda ki sa a roba mai murfi saboda tururuwa, in zaki sake amfani ki ɗora robar a ruwan zafi ta yi laushi.

Bayan halawa da kwana 2 ko 3 sai gurza jiki. Dilka ta asali irin ta Sudan aiki ce babba, da garin dawa da kayan ƙamshi da turara ta da hayaƙi, wannan sai a wajen masu ita. Ta yau da kullum dai ga mai sauƙi: garin shinkafa babban cokali 3, kurkum rabin ƙaramin cokali, zuma cokali 1, kindirmo daidai yadda zai kwaɓu. Ki shafa ki bari ya ɗan sha iska minti 10, ki murje a hankali dattin zai riƙa fita kamar zare, ki yi wanka. Sau 1 a sati, kuma abinda ya rage a zubar tunda akwai nono a ciki. Kurkum yana rina kaya, ki sa tsohon zani.

Warin hammata

Alif ɗin nan da muke sawa a ruwa ya kwanta, wasu na cewa alimun, shi ne mafi arhar abinda na sani. Ki samu dunƙule ki goge kaifinsa a kan dutse ya yi santsi, bayan wanka ki jiƙa shi ki goga a hammata ki bari ya bushe, ki ɗauraye dutsen ki ajiye a busasshen wuri, guda ɗaya sai ya yi miki watanni. Ba zai hana ki gumi gaba ɗaya ba, ƙwayoyin da ke sa gumin wari yake ragewa. A hammata kawai na ce. Masu sa shi a gaba da sunan matsi suna jawo wa kansu bushewa da ciwo da sanyi, wajen nan ruwa mai tsabta kawai yake buƙata daga waje.

Gashi

Karkashin miya da kika sani shi ne abin wanke kai da taje shi ba tare da ya tsinke ba, matan Chadi sun daɗe suna yi, yanzu har ƙasashen waje ake saida shi da sunan ambunu da tsada. Ki ɗebi busasshen ganyen cikin tafin hannu ki zuba ruwan zafi kofi 2, ki rufe minti 15, zai saki yauƙi, ki tace, in ya huce ki zuba a kai kina murza fatar kan da yatsu, ki raba gashin kashi-kashi ki taje daga ƙarshe zuwa tushe da babban mataji, sannan ki ɗauraye. In kan ya yi datti sosai ki fara da garin ganyen magarya, cokali 3 a ruwa kofi 2, ki kaɗa da hannu har ya yi kumfa ki wanke da shi. Duka biyun na ranar ne, basa kwana.

Man kitso kuma, ki zuba busasshiyar hulba babban cokali 1 a rabin kofin man kwakwa ko riɗi, ki ɗora a kan tururi da ƙaramar wuta kamar minti 40, ki tace, ki haɗa da narkakken kaɗanya rabin kofi ki sanyaya yadda na faɗa a sama. Busasshiya na ce, banda jiƙaƙƙiya, banda ɗanyar albasa a cikin man ajiya. Gaskiya guda kuma, gashi kamar santimita 1 yake ƙaruwa a wata, ba man da zai kai miki shi gadon baya a sati 3. Abinda man ke yi shi ne hana shi bushewa da karyewa sai tsawon ya taru. In mai kitso na ja miki gaban goshi har ƙuraje su fito ki ce ta sassauta, wannan jan shi ke cinye gashin gaba, kuma in ya daɗe ba man da zai dawo da shi. Makero a kan yaro ko amosani mai tsanani kuwa magani suke so daga asibiti.

Kwalli ne kaɗai a kayan kakanninmu na daina, musamman a idon jarirai, saboda irin na dutsen nan da ake niƙawa yawanci dalma ce a cikinsa, kuma duk mun ga abinda gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010.

In yau zaki fara kar ki ce sai kin haɗa duka, ki sayi kaɗanya na ɗan kuɗi ki yi rabin awon da na bayar ki gani ko fatarki ta karɓa. Kowace kwalba ki manna mata takarda ki rubuta ranar da kika haɗa da abinda kika zuba, saboda in ya miki kyau ki san yadda zaki maimaita, in kuma wani a gidan ya yi ƙaiƙayi ki san me zaki cire. Ki riƙa ɗiba da busasshen cokali ko busasshen hannu, kuma duk ranar da kika buɗe kika ji wari ya canza ko kika ga ɗigon baƙi ko kore, ki zubar duka, ki wanke kwalbar da ruwan zafi ki shanya a rana kafin ki sake zuba wani.